Wata shida ba tuƙi, shekara biyar ina amsa tambaya ɗaya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina juya wannan labari a raina kafin in yarda in rubuta shi, domin mu 'yan arewa mazauna Ingila ba ma son a ji kotu ta kira mu. Mutum ya gwammace ya yi wata shida yana cewa motarsa na wajen makanike da ya furta cewa an hana shi tuƙi. Masu cutarmu kuwa da wannan shirun suke cin abinci.

Ni mutumin Zariya ne. Karatu ya kawo ni Manchester, zama ya kama ni, na ɗauko iyali. Aikina kula da tsofaffi da marasa lafiya a gidajensu. Da asuba in tashi wannan dattijo in yi masa wanka, in wuce gidan wata tsohuwa in ba ta magani da karin kumallo, in sake wucewa gaba, haka har dare. Gidajen a warwatse suke, kuma kowane mutum yana da lokacinsa da ba a so a saɓa. Mai wannan aiki in ba shi da mota, to rabin albashinsa ya tafi.

A gida, abin da na sani game da inshorar mota shi ne takarda ce da ake haɗa maka da sauran takardu in ka je sabunta lasin, ka ninke ta ka ajiye don ranar da ɗan sanda zai tsayar da kai. Naira 5,000 ce shekara da shekaru, sai a watan Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta Najeriya, NAICOM, ta mayar da ita naira 15,000. Ban taɓa zama da wani wanda ya ce ya buge motar mutane ya kira kamfanin inshora ba. A gefen titi ake sasantawa, a kira dattawa, a tafi wajen mai gyara. Na zo nan na ci jarrabawar tuƙi, na yi shekaru ina biyan inshora ta gaskiya ba fashi, amma can ƙasan zuciyata takardar nan ce dai da ake nuna wa hukuma.

A shekarar 2023 kuɗin inshorar mota ya yi tashin gwauron zabo a faɗin Birtaniya. Duk mai mota a nan ya tuna. Da wasiƙar sabuntawa ta iso a watan Satumba, na ga adadin da ba zan iya haɗawa da kuɗin haya da na wuta da na gas ba. Ga shi kuma ina da maki 6 a lasina, na kyamarar gudu, 3 sau biyu, abin da suke rubutawa SP30. A nan yawancin laifukan tuƙi suna da makinsu, kuma wanda ya tara 12 cikin shekara uku sai kotu.

Ana haka wani ya turo lamba a zaurenmu na WhatsApp, ya ce ga wani bawan Allah dillalin inshora, yana samo wa mutane rangwame saboda yana da hanya a cikin kamfanoni. Mutum biyu suka ce su ma shi ya yi musu. Na kira shi. Ya yi min sallama cikakkiya, ya tambayi iyali, ya kira ni yayana. Ya ce in turo hoton lasina da takardar mota, in tura kuɗi, kusan rabin abin da kamfanina ya nema. Washegari takardar shaida ta shigo wayata, da tambarin wani babban kamfani da sunana da lambar motata. Ban tsaya nan ba, na shiga shafin askMID, inda kowa zai iya duba ko motarsa tana cikin rumbun motocin da ke da inshora. Na sa lamba, ta fito tana ciki. Na yi hamdala.

Abin da ya faru a bayan fage sai daga baya na ji shi daga bakin sashen binciken zamba na kamfanin. Mutumin ya sayi inshora ta gaske da sunana, amma ya sa adireshin wani ƙauye mai nisa inda kuɗi ba shi da yawa, ya sa imel ɗinsa da lambarsa, sannan ya gyara takardar da ya turo min ta nuna adireshina na ainihi. Doka ta ba mai saye kwana 14 ya fasa. Kafin su cika ya soke, aka mayar masa da kuɗin, wasiƙar sokewa ta tafi imel ɗinsa. Ni kuwa ina ta yawo gida-gida, ina ɗauko yara daga makaranta da islamiyya, babu komai a kan motar.

A watan Nuwamba, da yamma ana yayyafi, motar 'yan sanda ta kunna min fitila. Motocinsu na da kyamarar da ke karanta lambar kowace mota ta gwada da wancan rumbu nan take. Na nuna wa ɗan sandan takardar da ke wayata da ƙwarin gwiwa. Ya buga waya, ya dawo ya ce min an soke ta tun farkon Oktoba. Bai ɗaga min murya ba, har ya ce ya sha ganin irin wannan. Amma doka ta ba shi ikon kama mota, kuma ya kama. Na kwashe jakar aikina da kujerar yaro, na tsaya a bakin titi ina kiran ofis in gaya musu a tura wani gidan tsohuwar da ke jirana da maganin dare. Wannan kiran ya fi komai yi min ciwo a ranar.

Lambar dillalin ta daina shiga a daren.

Fitar da mota daga inda ake tsare ta wani tashin hankali ne. Fam 192 kuɗin ɗauka, fam 26 kowace rana da ta kwana, kuma in ka wuce kwana 14 suna iya sayar da ita ko su murƙushe ta. Ba za su sake ta ba sai ka kawo inshora mai aiki, alhali yawancin inshora ta yau da kullum ba ta karɓar motar da ke hannun 'yan sanda. Sai ka nemi wata ta musamman ta kwana 30, mai tsadar gaske. Na ranto na biya. Daga nan na riƙa sayen ta gajeren lokaci ina jiran takardar kotu.

Da ba ni da maki a baya, da tarar fam 300 da maki 6 za su ba ni a wuce wurin. Amma 6 da 6 sun kai 12, don haka sai gaban majistare. A watan Maris na 2024 na tsaya gaban mutum uku. Ba lauyoyi ba ne, mutanen gari ne masu aikin sa-kai, akwai masanin doka zaune gabansu yana ba su shawara. Lauyana ya riga ya gaya min cewa tuƙi ba inshora laifi ne da ba a duba niyya a cikinsa. Ko ka sani ko ba ka sani ba, in babu to babu. Abin da ya rage shi ne a roƙi kotu kada ta sa maki saboda an yaudare ni, ko kuma kada ta hana ni tuƙi saboda wahalar da za ta wuce misali.

Na miƙa hirarmu ta WhatsApp da shaidar tura kuɗi da takardar bogi. Suka saurara da kyau, ban ga raini a fuskarsu ba. Amma suka ce kuɗin asusun wani mutum na tura ba na kamfani ba, kuma farashin ya yi arhar da ya kamata ta sa ni tambaya. Batun wahala kuma, wasiƙar wurin aikina ta ce ba za su kore ni ba, za su rage min aiki ne, kuma ƙa'idar da kotuna ke bi tun 2020 ta ce ko rasa aiki ma shi kaɗai ba lallai ya wadatar ba. Aka yanke wata shida ba tuƙi, da tara gwargwadon abin da nake samu a mako, da ƙarin kashi 40 cikin 100 na tarar da ake zubawa asusun waɗanda aka zalunta, da kuɗin shari'a. Har yau ina ganin hukuncin ya yi nauyi a kan wanda aka cuta, alhali wanda ya yi cutar ko sunansa na gaskiya ba a sani ba. Amma na fahimci dalilin dokar. Da na buge wani a watannin nan, hukumar MIB, mai biyan waɗanda marasa inshora suka buge, ita ce za ta biya shi daga kuɗin da ake tarawa a kan duk masu inshora ta gaskiya, sannan ta biyo ni bashi.

Na sayar da motar. A nan ko ba ka tuƙa mota dole ta kasance da inshora, sai dai ka sanar da hukumar DVLA mai kula da lasin tuƙi da rajistar motoci ka ɗauke ta daga titi, ni kuwa gidanmu ba shi da fili, a bakin titi muke ajiyewa. Watannin shida na yi su a bas da ƙafa. Ofis suka mayar da ni gidajen da ake zuwa mutum biyu, abokiyar aikina tana tuƙi ina gefe. Albashi ya ragu sosai, kuɗin da nake tura wa Hajiya a Zariya ya ragu, ban kuma gaya mata dalili ba sai da komai ya wuce. Azumin shekarar a cikin wannan hali ya same ni. Allah ya ba ni haƙuri, ya kuma ba ni mace mai haƙuri.

Na ɗauka ranar da wa'adin ya cika shi ke nan. Ashe a nan ne ainihin jarrabawar take.

Duk wanda aka hana tuƙi kwana 56 ko fiye, lasinsa ba ya dawowa da kansa, sai ya nemi sabo. DVLA suka aiko min da fom daga Swansea kafin lokacin ya cika, na biya fam 65, lasi ya zo. Makin da suka kai ni kotu sun daina ƙirguwa, amma tarihin yana nan: IN10 na tuƙi ba inshora, da TT99 na tara maki 12. Kowanne yana shekara huɗu a rajistar lasi. Kamfanonin inshora kuwa shekara biyar suke tambaya, domin sai bayan shekara biyar doka take ɗaukar laifin a matsayin wanda ya shuɗe.

Na zauna da daddare na shiga shafukan da ke kwatanta farashi. Na cika komai har na iso tambayar: an taɓa kama ka da laifin tuƙi ko an hana ka tuƙi cikin shekara biyar da suka wuce? Na sa gaskiya. A da in na cika irin wannan fom kamfanoni sukan fito reras har in gaji da dubawa. Wannan karon 'yan ƙalilan suka fito, mafi arha a cikinsu ya ninka abin da nake biya a da fiye da sau uku. Na share laifin don in ga bambanci kawai, sai ga farashi ya faɗo, kamfanoni sun dawo. Na daɗe ina kallon allon nan. Ba wanda yake ganina, danna maɓalli ɗaya ne tsakanina da komawa aiki sosai.

Da na fara buɗe baki ina gaya wa mutane halin da nake ciki, shawarwari suka yi ta zuwa, kuma duk daga masu ƙaunata. Wani ya ce kada in faɗa, ba sa dubawa. Wani ya ce in sa adireshin ɗan uwansa da ke wani gari. Wani ya ce in rubuta cewa zuwa kasuwa da ziyara kawai nake yi da motar, kada in ambaci aiki. Wani ma, wallahi, lambar wani sabon dillali ya turo min. Shawarar da ta fi yawa ita ce in sayi motar da sunan maman yara, a rubuta ita ce mai tuƙawa kullum, ni kuma a saka ni a matsayin mai taɓawa jefi-jefi. Lokacin ba ta daɗe da cin jarrabawar tuƙinta ba.

Na kai mata maganar bayan yara sun yi barci. Ta yi shiru, sannan ta ce: "Abban yara, wa zai fita da motar nan da asuba, ni ko kai?" Na ce ni. Ta ce: "To ka yi haƙuri, ba zan sa hannu a ce ni ce ba. Abin da ya same mu na farko ba mu sani ba aka yi mana. Wannan kuwa da saninmu za mu yi." Ban ji daɗin maganar a daren ba, amma ban sami abin da zan mayar mata ba.

Daga baya na gane ba tsoron Allah kaɗai ya goyi bayanta ba, har da lissafi. Kamfanoni suna dubawa. Da lambar lasinka suna iya ganin tarihinka kai tsaye daga DVLA, kuma ko ba su duba ranar saye ba, za su duba ranar da ka yi haɗari ka zo neman diyya. Dokar 2012 da ta shafi abin da mai sayen inshora yake faɗa ta ba kamfani dama, in ya tabbata da gangan ka yi ƙarya, ya rushe yarjejeniyar kamar ba a taɓa yin ta ba, ya ƙi biyan ka, ya kuma riƙe kuɗin da ka zuba. Ka koma mai tuƙi ba inshora ke nan, da kuɗinka. Sa sunan mata ko uba a matsayin babban direba alhali ba shi ba ne, zamba ce a dokar ƙasar nan. Sannan akwai wata tambaya a fom da yawancin kamfanoni ba sa sa mata wa'adi: an taɓa soke maka inshora ko an rushe ta? Wannan tana iya bin mutum har tsufansa. Ita kuma maman yara, sabon direba a nan in ya tara maki 6 cikin shekara biyun farko ƙwace lasin ake yi ya koma jarrabawa daga tushe. Da na jefa ta cikin abin da bai shafe ta ba.

Hanyar da ta ɓulle min ba ta da wani sirri. Ƙungiyar dillalan inshora ta Birtaniya, BIBA, tana da layin da ake kira a haɗa mutum da dillalan da suka ƙware kan masu tarihi irin nawa. Kafin in yi magana da wanda aka ba ni, na duba sunan kamfaninsu a rajistar hukumar FCA mai sa ido kan kamfanonin kuɗi da inshora, na kuma kira lambar da ke cikin rajistar, ba wadda wani ya turo min ba. Wata mata ce ta ɗauka. Na ba ta labari tun daga farko ban rage komai ba. Ta tambayi ranar laifi da ranar hukunci da adadin tara da tsawon hanin. Ta ce in nemo wasiƙa daga kamfanin da aka yi zambar da sunansu, mai nuna cewa ni aka cuta, domin sunana yana haɗe da adireshin ƙarya a rumbunsu. Samun wasiƙar ya ɗauki lokaci da kiraye-kiraye, amma ta zo, kuma ita ta sa wani kamfani ya yarda ya dube ni a matsayin mutum, ba lambobi biyu a kan allo ba.

Matar nan ta nuna min abubuwan da ke rage kuɗi ba tare da ƙarya ba. Motoci a nan an kasa su rukuni 1 zuwa 50 wajen inshora, don haka kafin in sayi mota sai da na tura mata lambobin waɗanda nake dubawa, na ƙare da wata ƙaramar tsohuwa mai ƙaramin inji. Na yarda a saka min na'urar da ke lura da gudu da birki da lokacin fita. Na ɗaga kuɗin da zan fara biya daga aljihuna in an yi haɗari, daidai abin da na san zan iya fitarwa. Shekarun da na yi ban nemi diyya ba, waɗanda ke jawo rangwame, ashe ba su ɓace ba: yawancin kamfanoni suna karɓar shaidarsu har shekara biyu bayan ƙarewar inshora ta ƙarshe, tawa kuwa ta gaskiya a Satumban 2023 ta ƙare, saura kusan shekara guda. Wani abin mamaki, inshora mai rufe komai ta fi wadda ke biyan wanda ka buga kaɗai arha a wurina. Ta kuma dage a rubuta cewa ina amfani da motar wajen aiki gida-gida. Ta ce masu aikin kula da tsofaffi da yawa suna yawo da inshorar zuwa ofis ɗaya kawai, ba su san ba ta rufe su ba. Ina roƙon duk ɗan uwa mai wannan aiki, ko mai kai abinci da kaya, ya buɗe takardarsa yau ya karanta abin da aka rubuta a wajen amfani.

Duk da haka kuɗin ya fi ninki biyu na da. Aka ce in biya wata-wata, amma biyan wata-wata a nan bashi ne da kuɗin ruwa a kai. Na je wajen malaminmu bayan sallar isha'i na ce: "Allah gafarta malam, ga halin da nake ciki." Ya ce inshorar da hukuma ta wajabta, malamai da yawa sun yi sauƙi a kanta saboda lalura, amma ruwan da ke kan biyan wata-wata in ina da hanyar kauce masa in kauce. Hanyar kuwa adashi ce. Muna da shi mu 'yan tsiraru a unguwa, kuma wani dattijo da kwasarsa ta zo a watan ya ce: "Ɗana, ka ɗauka, ni na jira." Allah ya saka masa da aljanna. Na biya shekara guda a dunƙule a watan Oktoban 2024. Na kira kamfanin da kaina na tabbatar da adireshi da imel da lambar waya duk nawa ne, na duba askMID, na sake dubawa bayan kwana 14 sun wuce, kuma har yanzu ina dubawa lokaci-lokaci.

Da shekara ta zagayo ban yi haɗari ba, ban ƙara maki ba, na'urar ta ba da shaida mai kyau, kuɗin ya sauko kaɗan, kamfanonin da ke karɓata suka ƙaru. IN10 zai fita daga lasina a ƙarshen 2027, TT99 a Maris ɗin 2028, tambayar shekara biyar kuma zan ci gaba da amsa ta da e har Maris ɗin 2029.

Na kai rahoton mutumin ga 'yan sanda da kuma layin tona asirin zambar inshora na hukumar IFB. Abu na ƙarshe da na yi, wanda ya fi yi min wuya, shi ne na rubuta labarin nan a taƙaice a zauren da aka fara turo lambarsa, da sunana, na roƙi duk wanda ya saya ta hannunsa ya duba motarsa a daren. Zauren ya yi tsit. Can sai saƙonni suka fara shigo min ta gefe. Cikin waɗanda suka duba har da ɗaya daga mutum biyun da suka yaba shi tun farko, wanda ya fi shekara yana kai 'ya'yansa makaranta a motar da ba ta cikin rumbun. Washegari bai fita da ita ba, muka zauna a falona muka kira BIBA tare.